Ƙafa Ɗaya a Jirgi, Ɗaya a Laka

A shekarun da nake da ƙarfi, ni ne babban 'yan dako a wani mashigin jirage da ke bakin kogin Haɗeja. Ban yi karatu mai zurfi ba. Na sauke Alƙur'ani, na ɗan taɓa littattafan ibada, na iya rubutun da zai riƙe magana kada ta ɓace, iyakarta ke nan. Da wannan ɗan rubutun nake ba da labarin nan yanzu da gemuna ya yi fari, don a karanta wa masu jirage da masu 'yan dako, da duk wanda wani yake cin abinci a ƙarƙashinsa. Ba zan ambaci sunan kowa ba. Waɗansu sun rasu, waɗansu 'ya'yansu na nan, kuma wanda ya fi kowa bukatar a sakaya sunansa ni ne.

Ga yadda aikin yake. Idan damina ta yi nisa kogi ya cika ya malale fadama, jakuna da takarkarai sai su tsaya a baki, ba hanya. Fatake su sauke kanwa da gishiri da hatsi a tudu, jirgi ya ƙetarar da su. Mai jirgi ba ya neman ɗan dako da kansa. Da ni yake magana, mu yi jinga, ni kuma in kawo mutanena su shigar da kaya su fitar. Ni nake ci da su, waɗanda ba 'yan gari ba kuma a zaurena suke kwana. Ina da tsari, kuma ina alfahari da shi. Kaya mai nauyi shi ne farko, sannan matsakaici, sannan marar nauyi. Mutane su jeru ɗaya bayan ɗaya, kowa da gammonsa, ba mai wuce wani, ba mai tsayawa sai na ce a tsaya. Ba na zagi, ba na duka, amma ba na maimaita magana. Ana cewa aikina kamar sahun salla yake, ni kuwa ina jin daɗin wannan yabo fiye da yadda ya kamata.

Akwai al'adar da muka tarar a mashigin. Iyakar da ke tsakanina da mai jirgi ita ce bakin jirgi, wato gefen da ake takawa a shiga. Muddin ɗan dako yana tudu ko cikin ruwa, nawa ne. In ya ji rauni ni zan yi jinyarsa, in ci da iyalinsa har ya warke, in kuma raunin ya bar naƙasa ni zan biya diyya. Da zarar ya shiga jirgi kuwa ya zama baƙon mai jirgi, duk wannan nauyi ya koma kansa. A kan wannan al'ada wata ta hau. Ana cewa in aka yi rauni, duk wanda ya kira mai ɗori, ko ya kai mutumin zaurensa, to kamar ya ce "na ɗauka" ne, ko da bai buɗe baki ba, kuma ba shi da sauran magana gaban alƙali. Haka muka ji daga manya, haka muka riƙe, ba wanda ya taɓa tambayar daga ina ta fito.

A shekarar da abin ya faru ruwa ya zo da wuri ya cinye gonaki a ƙauyukan fadama ta wajen Auyo. Cikin waɗanda suka zo neman dako akwai wani magidanci da ya baro mata da 'ya'ya ƙanana a ƙauye. Zan kira shi Dogo, ko da yake ba haka ake kiransa ba. Yana da ƙarfi, ba ya ƙyuya, sai dai bakinsa ba ya hutawa. Yakan ce wa mutane ranar tashin alƙiyama Maigida ne zai tsaya ya ce a jeru, masu nauyin zunubi su wuce gaba, marasa nauyi su jira. Ni ne Maigidan. Ban taɓa yi masa dariya ba, amma ban taɓa hana shi ba, don na lura in yana surutu mutane ba su jin nauyin kaya. A zaurena yake kwana, tabarmarsa da burgaminsa, wato jakarsa ta fata, suna kusurwar da ke kusa da ƙofa.

Mai jirgin da muka fi aiki da shi dattijo ne, ya girme ni sosai. Ina ce masa Baba, shi kuma yana ce mini yaro a gaban mutanena, alhali ina da 'ya'ya da suka kai aure. Daminar da ta gabata wani ɗan dakona ya gurɗe a cikin jirginsa, ya ce mini in kai shi gida kawai, ƙaramin abu ne. Na kai shi don girmamawa, sai jinya da ci da iyali suka faɗa kaina, Baba ko ya jiki bai aiko ba. Tun daga ranar na yi wa kaina alkawari ba za a sake yi mini haka ba. Na faɗi wannan ba don in wanke kaina ba ne, sai don a san da wace zuciya na zo bakin ruwa a ranar.

Da hantsi ne, bayan an kwana ana ruwa, kogi yana gudu da ƙarfi. A irin wannan rana igiya biyu ake ɗaure wa jirgi, ɗaya a goshi ɗaya a gindi. Baba ya ɗaure ta goshi kaɗai a turke, ya bar wani matuƙinsa ya tokare gindin da sandar tuƙi. Na gani da idona. Abin da ya kamata in yi shi ne in ce a tsaya sai an ɗaura ta biyu. Ban ce ba, don jeri ya riga ya tashi kuma ba na son karya shi, sannan ba na son in zama mai fara yi wa Baba magana. Dogo ne na gaba, da ƙunshin kanwa a ka. Ya shiga ruwa har gwiwa, ya ɗora ƙafar dama a bakin jirgi, ta hagu tana cikin laka. A daidai nan sandar matuƙi ta zame, gindin jirgi ya juya. Dogo ya tafi da baya, ƙunshin kanwa ya sauko a kan ƙwaurin da ke bakin jirgi. Duk wanda ke mashigin ya ji ƙarar ƙashin.

Mutane suka ciro shi daga ruwa suka kwantar a tudu. Ƙwaurin ya karye, ƙashi ya huda fata. To, ga abin da na fara yi, kuma shi ne abin da na fi jin kunyar rubutawa. Ban durƙusa na duba shi ba. Na juya wajen mutanena na tambaye su ko sun ga inda ƙafarsa take sa'ad da ta karye, na ce kowa ya riƙe abin da ya gani. Dogo yana kwance a gabana, ya ji. Baba shi ma ya ɗaga murya daga cikin jirgi yana cewa kowa shaida ne daga ruwa aka ciro shi, ba daga jirginsa ba. Na ce ƙafar da ta karye a kan jirgi take, kuma jirgi ne ya motsa. Ya ce yaro, ƙafa ɗaya ba mutum ba ce. Mutanena suka kama Dogo za su nufi gidana, na ce a'a, a kai shi rumfar da fatake ke ajiye kaya, har a san na wane ne.

Da azahar ni da Baba muka je zauren alƙali. Muhuti, wato mataimakinsa, ya saurare mu ya ce kowa ya kawo shaidunsa. Nawa suna nan, amma na Baba matuƙansa ne, kuma ya riga ya sallame su da kaya zuwa ƙauyuka masu nisa, sai sun dawo. Muhuti bai tambayi halin da mai raunin yake ciki ba, don bai zaci akwai abin tambaya ba, mu kuma ba mu faɗa ba. Da na koma gida na sa aka ɗauki tabarmar Dogo da burgaminsa aka kai masa rumfa. Na gaya wa kaina taimako ne, kada ya kwana a ƙasa. Gaskiyar ita ce ba na son wani abu nasa ya kwana a zaurena a ce na ɗauka. Na gargaɗi mutanena cewa in ɗayansu ya kira mai ɗori, ni na kira, kuma wanda ya yi haka ya nemi wani maigidan. Abinci na yarda su ba shi daga nasu, amma ban da a akushin gidana. Matata ta tambaye ni a hankali, ta ce Malam, ashe akushi ma yana ba da shaida gaban alƙali? Na ce mata sha'anin bakin ruwa ba nata ba ne. Ta juye tuwon a ƙwaryar da ba ta da alama.

Kwanaki suka yi ta tafiya, matuƙa ba su dawo ba. Kullum da safe ina wucewa ta gaban rumfar, in tsaya daga waje in ce ya jiki. Da fari yakan amsa da wasa. Ya ce Maigida da sauƙi, ko an gano inda ƙafar tasa take? Ya ce in har yanzu ana nema a gaya wa alƙali tana nan cikin rumfa, ƙudaje sun san hanya, su za su yi jagora. Mutane su yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ni in wuce. Baba kuwa goro ya ba wani baƙo ya miƙa masa, ya ce kada a ce daga gare shi ne. Ni da shi muna haɗuwa a masallaci, wani lokaci kafaɗa da kafaɗa, mu yi sallama kowa ya kama gabansa, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara gajiya. Ƙafar ta kumbura, ta yi baƙi a bakin raunin, ta fara wari. Zazzaɓi ya shiga, wasa ya ragu.

Wata safiya ya kira ni, ya ce in matso. Ban shiga ba, na dai sunkuya a bakin rumfa. Ba wasa a muryarsa. Ya ce Maigida, don Allah a kira mai ɗori, shi zai rantse gaban alƙali cewa ba ni na kira ba, ladan mai ɗorin kuma a cire daga haƙƙinsa. Ya ce da ƙafar nan yake ci da 'ya'yansa, gona ruwa ya ci, in ita ma ta tafi bai san abin da zai koma ya ce wa uwarsu ba. Na ce masa ya yi haƙuri, kowane abu da matsayinsa. Farko shaidu, sannan hukunci, sannan ɗori. Da bakina na jera masa su, ina lanƙwasa yatsu kamar ina koya wa yaro alwala. Ya dube ni, ya ce to Maigida, Allah ya kawo shaidu lafiya. Ya juya fuskarsa wajen zana.

Kusa da rumfar akwai wata tsohuwa mai tuyar kifi, mijinta ya daɗe da rasuwa, kowa Iya yake ce mata. Ita ce take dafa ruwa tana wanke masa raunin. Ranar kasuwa, mashigi cike da mutane, ta bar kaskonta a kan wuta ta zo ta tsaya tsakanina da Baba. Ta ce ta aika a kira mai ɗori, yana hanya. Ta ce in kira shi ne ɗauka, to kowa ya ji da kunnensa, "na ɗauka." Ta ce alƙali ya zo ya sayar da kaskonta da murhunta ya biya. Ta dubi Baba ta ce kai tsoho, ka kusa shiga jirgin da ba a ɗaure masa igiya ko ɗaya, ka shirya abin da za ka faɗa. Ta juyo kaina ta ce ɗan nan, ta san uwata, ta ci naman sunana, yau ne ya fara yi mata nauyi a ciki. Ba wanda ya yi dariya. Ni kuwa, Allah ya gafarta mini, abin da na fara ji a zuciyata sauƙi ne, cewa an kira kuma ba ni na kira ba.

Mai ɗori ya zo ya kwance tsumman da ke ƙafar. Ya daɗe yana dubawa. Ya tambaya tun yaushe, aka gaya masa. Ya ce da a ranar aka kira shi da an dace, don ya ɗora waɗanda suka fi wannan muni suka miƙe suka koma noma. Yanzu nama ya ɓaci, ba zai ɗaura kara a kansa ba sai rauni ya bushe, kafin nan kuwa ƙashi zai kama yadda ya ga dama. Ya ce zai yi ƙoƙarin ceton ran, ƙafar sai yadda Allah ya yi. Sannan ya ɗago ya tambaya wane ne maigidan mutumin nan. Mutanena suka sunkuyar da kai, don kada su dube ni.

Da matuƙa suka dawo muka zauna gaban alƙali. Na shirya maganata tsaf, na jera ta daga farko zuwa ƙarshe: yadda aka ɗaure jirgi, yadda sanda ta zame, inda ƙafa take. Baba ya faɗi tasa. Alƙali ya ji shaidu, sannan ya tambaya ina mai raunin, wa kuma ya yi masa ɗori. Baba ya yi sauri ya ce Allah ya gafarta Malam, ba shi ya kira ba, wata tsohuwa ce ta kira bayan kwanaki, shi bai ɗauka ba. Ni ma na ce ban kira ba, ban kuma kai shi zaurena ba, har tabarmarsa na fitar. Na faɗi haka da ƙarfin gwiwa, ina ganin hujja ce. Alƙali ya ce bai gane ba, a yi masa bayani. Na yi masa bayanin al'adar. Ya dubi muhuti, muhuti ya girgiza kai. Ya ce shi bai taɓa ganin wannan a shari'a ba, bai taɓa yanke hukunci da ita ba, bai kuma ji wanda ya gada ya yanke ba. Jinyar mai rauni ba amsa laifi ba ce. Da ɗayanmu ya yi jinya sannan laifi ya faɗa kan ɗayan, da sai ya sa a mayar masa da abin da ya kashe, shi ke nan. Ashe abin da muka tsaya muna tsaro har ƙafar mutum ta ruɓe zancen bakin ruwa ne kawai.

Ya tambaye ni ko na ga igiya ɗaya ce kafin in tura mutanena. Ba zan iya rantsuwa a kan ƙarya ba, na ce na gani. Ya raba nauyin tsakaninmu, Baba don igiya, ni don na gani na yi shiru. Ya ƙara da cewa karayar da ma tana iya samun kowa a bakin kogi, amma gurguntar da za ta biyo baya mu biyu muka yi ta da hannunmu, mu je mu nemi gafarar mai ita, don wannan ba shi da ikon yanke mana.

Daga nan na ɗebi mutane da gadon kara muka nufi rumfa, na ce wa Dogo mun zo mu kai shi gida. Zazzaɓi ya sake shi, ya rame ƙwarai. Ya ce Maigida ya gode, amma tabarmar nan ta riga ta fito, kada a wahalar da ita. A gidan Iya ya yi jinya har matarsa ta iso. Ni da Baba muka biya abin da aka ɗora mana, ba wanda ya rage. Ran ya tsira. Ƙafar ta kama a karkace, ta gajarce, bai sake ɗora gammo a ka ba.

Bai koma ƙauye ba, don gurgu ba ya noman fadama. Ya kafa 'yar inuwa a mashigin yana tufkar igiyar rama, masu jirage suna saye. Bakin ya dawo. In mai jirgi ya sayi ɗaya sai ya ce ya ƙara ta biyu, ɗaya ba ta isa ba, shi ne shaida. Baba har ya rasu wurinsa yake saye, kuma ba ya tayawa. Ni na daɗe ina kewaye inuwar, in gaishe shi daga nesa in wuce. Sai bayan damina ta sake zagayowa na iya tsayawa na roƙe shi gafara. Ya ci gaba da murza igiya a cinyarsa, ya ce ai ya yafe tuntuni, wanda yake tafiya da sanda ba ya ƙara wa kansa kaya. Abu ɗaya kawai ya roƙa. Ya ce in zan gaishe shi in daina tsayawa daga waje, in shigo inuwa in zauna. Na shiga na zauna, shi ya yi ta surutu har la'asar.

Na yi shekaru ina tunanin inda na ɓata. Ban yi ƙarya gaban alƙali ba, ban ci haƙƙin kowa ba, kuma a kan Baba ina da gaskiya rabi. Abubuwa ukun da na lissafa wa Dogo duk ana bukatarsu, shaidu da hukunci da ɗori. Jerin kawai na juya, ni da nake taƙama ba wanda ya fi ni sanin abin da ke gaba da abin da ke baya. Na sa abin da zai iya jira a farko, na sa wanda ba zai iya jira ba a ƙarshe, na kuma kira wannan tsari.

Don haka ina gargaɗin masu jirage da masu 'yan dako. Ku daidaita iyakarku tun kafin kaya ya tashi daga tudu, kuma duk al'adar da kuka gada ku kai ta gaban masani ku tambaya, kada ku jira sai mutum yana kwance. Wanda ya ga igiya ɗaya ya tsayar da aiki, ko da wanda zai yi wa magana ya haife shi. In kuwa rauni ya auku, ku fara ɗaukar mutumin, ku kira mai ɗori, sannan ku je ku yi gardamarku har ku gaji. Tun daga shekarar haka nake yi, kuma ban taɓa talaucewa saboda shi ba. Amma wannan bai miƙar da ƙafar Dogo ba. Har yau in ya nufo masallaci, tun kafin in gan shi nake gane tafiyarsa, sanda sannan ƙafa, sanda sannan ƙafa. Ya zo ya tsaya kusa da ni a sahu, ya ce Maigida, a matsa mini.